Wa Ya Ba Ku Izinin Taɓa Adireshin Masana'antunmu?

Akwai wani irin saƙo da yake faɗowa cikin akwatin imel na masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano, da Turanci, galibi cikin dare, daga kamfanin da suka kama hayar wuri a intanet. Ko daga ina ya fito, maganar kusan ɗaya ce: mun sabunta tsarin kula da adireshi, za mu kwashe ku zuwa sababbin na'urori a ƙarshen mako, ba sai kun yi komai ba. Wannan ta ƙarshen ita ce take ƙona min rai, domin ita ce ke sa mutum ya yi barcinsa hankali kwance a daren da ake rufe masa hanyar ciniki. Ran Litinin shafin kamfani yana buɗewa lafiya lau, hoton ƙofar masana'anta da na shugaba suna nan daram, amma wasiƙa ta daina shigowa. Ba wanda zai lura da wuri, saboda akwatin da ba a aiko masa komai ba da wanda aka tare wa hanya kamanninsu ɗaya.

Na'urorin intanet ba su san suna ba, lamba suka sani. Sunan da kamfani ya yi wa rajista, mai ƙarewa da .com ko .com.ng, sai an juya shi zuwa lamba kafin a kai gare shi. Tsarin da ke wannan juyi shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, kuma har gobe a kansa duniya take tafiya. Kowane suna yana da ɗan kundinsa, 'yan layuka ne da sau da yawa ba sa cika shafi guda. Wani layi yana faɗin inda shafin kamfani yake. Wani, wanda ake kira MX, yana faɗin inda za a kai wasiƙa. Wasu kuma, SPF da DKIM da DMARC, su ne shaidar cewa wasiƙar da ta fita da sunan kamfanin nan lallai daga hannunsa ta fito. Sama da su duka akwai bayanin wace na'ura ce ke riƙe da kundin kansa. Duk wanda yake da ikon sauya waɗannan layuka ya riƙe wuyan kamfani, kuma a yawancin masana'antunmu ikon yana hannun kamfanin masauki da ke Legas ko Landan ko Amurka, wanda bai taɓa jin sunan Chalawa ba.

Abin da ke faruwa ranar ƙaura sananne ne ga duk mai wannan sana'a. Ana sa manhaja ta kwashe dubban kundaye lokaci guda. Layin shafi yakan iso lafiya, domin shi ne ido ke gani, shi ne kuma za a yi ƙorafi a kansa cikin minti biyar. Layin wasiƙa shi ne ke faɗuwa a hanya. Masana'antar da ta biya Google ko Microsoft ko Zoho don su riƙe mata wasiƙunta, sai sabon kundi ya mayar da ita kan tsarin gidan masauki, wasiƙu su riƙa zuba cikin wani akwati a sabuwar na'ura wanda ba wanda ya san da shi, ko su koma wa mai aikowa da 'yar takardar cewa ba a sami wannan adireshi ba.

Yanzu ka ɗauki majema a Chalawa da ta aika samfurin fata Italiya ko Sifen tana jiran amsa. Mai saye ya duba, ya yarda, ya rubuto yana neman a tabbatar masa da farashi da ranar lodi. Wasiƙarsa ta dawo masa. Ya sake aikowa, ta sake dawowa. Bature ba zai tashi neman lambar wayar manaja ba, yana da masu kawo masa fata daga Habasha da Indiya da Pakistan. Mafi ciwo, ba zai ce na'ura ce ta sami matsala ba. Zai ce dama an faɗa masa game da 'yan Najeriya. Sunan da aka yi shekara ashirin ana ginawa da kaya mai kyau da cika alkawari, wasiƙa biyu da suka dawo sun isa su sa masa tabo. Haka mai fitar da riɗi zuwa Japan ko Turkiyya, haka mai tura zoɓorodo Meziko daga ɗakunan ajiya na Bompai da Dawanau. Kamfanin jirgin ruwa ya turo daftarin takardar lodi yana jiran a gyara kafin a rufe, banki ya nemi ƙarin bayani kan fom ɗin fitar da kaya na NXP, kwantena tana zaune a Apapa kuɗin jinkiri yana hawa kowace safiya. Duk wannan yana tafiya ne ta layi ɗaya a cikin kundin da wani ya sauya ba tare da ya kira kowa ba.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa: wasiƙar da ba ta ɗauke da shaidar SPF ko DKIM tana iya faɗawa kwandon shara ko a ƙi karɓarta ɗungurum, masu aika dubbai kuma dole su ƙara da DMARC. To idan ƙaura ta share waɗannan layuka, akanta zai ga wasiƙarsa ta fita, zai rantse ya aika takardar neman biya, dillali a Onitsha ko Kwatano zai rantse bai gani ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Sai a yi ta zargin juna, amana ta fara tsagewa tsakanin mutanen da suka daɗe suna hulɗa, mai laifin kuwa yana can yana karɓar kuɗin hayarsa.

Idan Allah ya sa aka gano, sai a shiga wani sabon wulaƙancin. Babu lambar da mutum zai ɗauka. A buɗe tikiti, a jira. Amsar da za ta zo ita ce wadda duk mai shafi a ƙasar nan ya haddace: a yi haƙuri, sauyin yana ɗaukar awa 24 zuwa 48 kafin ya bazu a duniya. Wannan magana rabinta gaskiya ce, ana kuma fakewa da rabin ne don a rufe sakaci. Kowane layi yana ɗauke da wa'adin da sauran na'urori za su riƙe shi kafin su sake tambaya. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan rage wa'adin zuwa 'yan mintoci kwana biyu kafin ƙaura, ya gwama tsohon kundi da sabo layi bayan layi, ya aika wasiƙar gwaji, ya bar tsohuwar na'ura a kunne har sai komai ya zauna. Idan aka yi haka kusan ba wanda zai ji an motsa. Idan kuwa layin ya ɓace ne baki ɗaya, ko shekara aka yi ana jira ba zai dawo da kansa ba. Cewa mutum ya jira kwana biyu kan layin da babu shi zalunci ne, domin an san ba shi da ilimin da zai musa.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san fatoma. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'adarsa. Amma la'adar tana tafe da nauyi: idan kaya suka salwanta a gidansa ko wanda ya kawo ya gudu da bashi, shi za a kama, kuma fatoman da ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga ayari isa Kano. Masu masaukin intanet sun ɗauki la'adar sun jefar da nauyin. Ka buɗe sharuɗɗan da ake danna wa "na yarda" ba a karanta ba, za ka tarar galibinsu sun wanke kansu daga asarar ciniki, diyyar da suka amince da ita kuma ba ta wuce kuɗin hayar da aka biya. Mutum ya yi asarar kwangilar miliyoyi, a ba shi wata guda kyauta.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙananan kamfanoni ce. A Yunin 2023 Google ya sanar da sayar da sashensa na rajistar sunaye ga Squarespace, sunaye kusan miliyan 10, kan dala miliyan 180. Ba a tambayi masu sunayen ba, sanar da su kawai aka yi. A Yulin 2024 ɓarayi suka ƙwace adireshin wasu kamfanonin kuɗin intanet, ciki har da Compound Finance da Celer Network, suka karkatar da masu ziyara zuwa shafukan damfara. Masu binciken tsaro suka danganta abin da yadda aka yi ƙaurar: matakin kariya na biyu bai biyo asusun ba, kuma an bar gibin da wani zai iya riga mai asusu shiga. Waɗannan kamfanoni ne cike da injiniyoyi. Idan haka ta same su, ina ga masana'antar roba a Sharaɗa da mutum ɗaya ke riƙe mata kwamfuta da firinta da kyamarar tsaro? Ko ranar 4 ga Oktoban 2021, da yammacin Litinin ɗin da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, 'yan Kantin Kwari suka yi ta kashe waya suna kunnawa suna zagin kamfanin layi, kuskuren sauyin saiti ne a cikin gidan Facebook ya sa na'urorin adireshinsa suka ɓace wa duniya. Shi ya gyara nasa a dare ɗaya domin asarar tasa ce. Namu ba a gaggawa, domin asarar ta wani ce.

Me ya sa ma ake yawan ƙaurar? Kuɗi. A 2019 kamfanin cPanel, mai manhajar da gidajen masauki da yawa ke amfani da ita, ya koma cajin kowane asusu daban, gidaje da dama suka fara neman mai rahusa. Da aka saki naira a Yunin 2023 ta tashi daga kusan 460 kan dala ta haura 1,500 a farkon 2024, masu hayar na'ura a Turai da Amurka suna sayar mana da naira suka shiga matsi, suka riƙa tattara abokan ciniki daga wannan na'ura zuwa waccan. Wasu gidajen kuma saye su aka yi aka haɗe. Na fahimci matsin, masana'anta ma tana cikinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi tsimin kuɗin a kan wanda bai ji ba bai gani ba, sannan a kira shi ingantawa.

Ku duba kuma a kan wa ake sauke wannan kaya. Mutanen da a Afrilun 2024 aka ɗaga musu kuɗin wutar rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Mutanen da a Oktoban shekarar suka yi kwanaki cikin duhu da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka faɗi, suna ƙona gas don kada injin ya huce. Masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje a Bompai da Sharaɗa yawancinsu sun zama kango ko ɗakunan ajiyar kayan waje. Wanda ya rage yana aiki a waɗannan unguwanni jarumi ne, yana haƙa rijiyarsa, yana gyara titin gabansa, yana biyan mai gadi. Bai kamata adireshin da ya biya kuɗinsa ya zama wani abin fargaba a kansa ba.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyayenmu masu masana'antu, ranku ya daɗe, da ku nake yanzu. Takardar filin masana'anta tana cikin akwatin ƙarfe, takardar rajistar kamfani ta CAC tana wurin lauya, makullin sito yana aljihun Alhaji. Sunan kamfani a intanet fa? Ku bincika, da yawanku za ku tarar an yi rajistarsa ne da sunan yaron da ya gina muku shafi shekara takwas da suka wuce, da imel ɗinsa na kansa, da lambar wayarsa. Yaron ya tafi bautar ƙasa, ko ya koma Abuja, ko kun ɓata kan cikon kuɗin aikinsa. Duk sanarwar da kamfanin masauki ya aiko, ta ƙaura ko ta ƙarewar rajista, wurinsa take zuwa. A idon masu rajista shi ne mai sunan, ku baƙi ne. Sunan da aka buga a jikin buhu da kwali da motar kamfani yana rataye da wayar wani da ba ya ɗaukar kiranku. Kuma kuɗin da ake magana a kai abin kunya ne: a Satumban 2024 farashin sarin sunan .com daga Verisign, kamfanin da ke riƙe da .com, ya koma dala 10.26 a shekara. Ko da ribar dillali bai kai gas ɗin da babban janareta ke sha cikin awa ɗaya ba. An yi lokacin da bankuna suka hana katin naira biya a waje, wannan uzuri ne na gaske ga wasu, amma ga mafi yawa raini ne kawai, ana ganin harkar yara ce.

Wannan rainin shi ɗan damfara yake nema. Wanda ya sami shiga kundin ba sai ya fasa komai ba. Zai karkatar da layin wasiƙa ya zauna yana karanta cinikinku a nitse, ya koyi yadda manaja ke gaisuwa da yadda akanta ke sa hannu. Ranar biya sai ya rubuta wa mai saye daga ainihin adireshinku cewa an sauya banki, ga sabuwar lamba. Hukumar FBI ta Amurka ta ce koke-koken da ta karɓa kan irin wannan damfara ta wasiƙun kasuwanci a 2023 kaɗai sun kai asarar dala biliyan 2.9. Lokacin ƙaura kuwa shi ne kakarsu, domin kowa yana tsammanin saƙon "danna nan ka tabbatar da asusunka", na gaske da na jabu sun gauraye.

Ina masu sa ido? ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunaye a duniya, ta wajabta wa masu rajistar irin su .com su tunatar da mai suna sau biyu kafin wa'adinsa ya ƙare, kusan wata guda da kusan mako guda, da kuma kwana 30 na fansa bayan an goge. Wannan ƙa'ida ta tsaya kan ƙarewar rajista, ba ta kai ga gidan masaukin da ya sake fasalin kundi a daren Asabar ba. Gibin nan namu ne mu cike. NiRA, ƙungiyar da aka kafa a 2005 take riƙe da .ng, ita ke tantance dillalan rajista, tana kuma yawan kiran 'yan kasuwa su rungumi sunan ƙasa. Kira ne mai kyau, ina goyon bayansa, ko don biyan da ake yi da naira. Amma mai kira ya fara share gida. A sa wa duk dillalin da ke ɗauke da tambarinta sharaɗi: ba a taɓa kundin kowa sai da sanarwar wata guda ta imel da ta saƙon waya, a miƙa wa mai suna kwafin tsohon kundinsa kafin a motsa, a kuma ajiye hanyar komawa baya. Wanda ya saɓa a cire shi. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, wadda ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya karɓi jagorancinta a 2019, ta san Bompai ba sai an yi mata kwatance ba. Hukumar kare masu saye ta FCCPC kuwa ta nuna tana da haƙori a Yulin 2024 da ta ci Meta tarar dala miliyan 220. Wadda ta iya tunkarar Meta ba za ta kasa karanta sharuɗɗan gidajen masauki ta ce wannan sakin layi zalunci ne ba.

Kuma me ya sa sanarwar ba za ta zo da Hausa ba? Kamfanonin waya sun daɗe da gane cewa mai magana da Hausa kuɗinsa kuɗi ne, sun sa masu amsa kira da harshensa. Gidan masaukin da yake karɓar kuɗin Kano zai iya ɗaukar mutum biyu daga Jami'ar Bayero ko ta Wudil su ɗauki waya su ce: Alhaji, ran Asabar za mu taɓa kaza, a sa wani ya gwada aiko wasiƙa ran Lahadi da safe.

A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kano ya buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, da tashar wutar sola mai megawat 10 a Chalawa, da cibiyar ajiye bayanai ta Galaxy Backbone. An yanke zare, an yi jawabi kan fitar da kaya da tattalin arzikin zamani. Mai fitar da kayan da ake magana a kansa har yau bai san wa ke riƙe da adireshinsa ba. Rassan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, na Sharaɗa da Chalawa da na Bompai, da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA, sun iya haɗa kai su tunkari kamfanin rarraba wuta na KEDCO kan kuɗin wuta, kuma sun yi daidai. Zama ɗaya na rabin yini ya isa a tara manajoji da akantoci a buɗe rajistar kowane kamfani a gaban mai shi, a ga sunan wa ke kai. Ƙungiya mai mambobi da yawa tana iya zama da gidan masauki ta ƙulla yarjejeniyar da ke da lambar waya da sunan mutum da diyya ta gaske, abin da kamfani ɗaya ba zai samu ba ko ya yi shekara yana buɗe tikiti.

Kafin su motsa, Alhaji, ka kira wanda ya gina maka shafi yau ɗin nan. Idan akwai cikon kuɗinsa ka biya shi. A mayar da rajistar kan sunan kamfani da imel ɗin da ba ya rataye da wannan adireshin, domin ranar da adireshin ya faɗi kada sanarwar gyara ta faɗi tare da shi. A kunna matakin kariya na biyu da wayar da ke hannunka. A buga kundin a takarda a sa cikin akwatin ƙarfen nan. Idan kuma kana da niyyar barin gidan masaukin gaba ɗaya, ka tambayi tsari kafin a sauya sunan mai rajista, domin bayan irin wannan sauyi ana iya kulle sunan .com har kwana 60 ba a bari a ɗauke shi zuwa wani dillali ba.